Gadon Shahon Malta

Jama'a, yau za mu duba wani tsohon fim na Amurka mai suna The Maltese Falcon, wato Shahon Malta, mu ga abin da ya bar wa na baya. John Huston ne ya shirya shi a 1941, shi ne kuwa fim ɗinsa na fari, ya ɗauko labarin daga littafin Dashiell Hammett na 1930. An riga an yi fim da littafin nan har sau biyu, a 1931 da 1936, amma na ukun ne ya yi suna.

Ga yadda labarin yake. A birnin San Faransisko akwai wani Sam Spade, wanda sana'arsa bin diddigin asirin mutane a biya shi lada. Humphrey Bogart ne ya fito a matsayinsa. Wata mace ta zo neman taimako da ƙarya a bakinta, a daren nan aka harbe abokin aikinsa, Archer. Daga nan ya faɗa cikin wasu maciya amana masu neman wani mutum-mutumin shaho, wai na zinariya ne da duwatsu masu daraja, aka shafe shi da baƙi. Babbansu, Gutman, shekara 17 ya yi yana bin sawunsa. Da ya samu ya kankare shi da wuƙa, sai ga darma! Kwaɗayi mabuɗin wahala.

A 1946 wani Bafaranshe, Nino Frank, ya kira irin waɗannan finafinai film noir, wato baƙin fim, sunan kuwa ya bi su. Masu kwaikwayo suka yi ca, kowa ya ɗauki hula da doguwar kwat, da hayaƙin taba, da ɗaki mai duhu. To, kama da wane ba ta wane. A ganinmu, waɗannan duka tufafi ne kawai. Ainihin gadon yana ƙarshen labarin, inda Spade ya gane matar nan da ta shiga ransa ita ta kashe Archer, ya miƙa ta ga 'yan sanda. Ga shi kuwa bai ƙaunaci mamacin ba, har ma yana neman matarsa a ɓoye. Mutum ne mai aibu, amma akwai haƙƙin abokin aiki wanda ya ƙi sayarwa, ko don kuɗi ko don so.

Wanda ya fi kowa gane wannan shi ne fim ɗin Chinatown na 1974, inda Huston da kansa ya fito a matsayin azzalumin attajiri. Can ma mai binciken yana da nasa laifi, sai dai shi gaskiyar da ya tono ba ta ceci kowa ba.

Ba mu ce fim ɗin ba shi da cikas ba. Magana ta yi masa yawa, kuma ya nuna mace tamkar tarko, abin da na baya suka gada suka wuce gona da iri. Duk da haka, mu da muke koyar da yara ƙaga labari mun ga darasi: jarumin da ba a jarraba shi da abin da yake so ba, ba a san nauyinsa ba.

Abin mamaki kuma, a 2013 aka yi gwanjon shahon darmar da aka yi fim ɗin da shi a Niyok, aka saye shi fiye da dala miliyan 4. Ashe har yanzu Gutman yana da magada.