Baƙo Ko Da Ido Makaho Ne: Sharhi Kan Kundayen Matafiya

Marubutanmu masu sha'awar ƙaga labari a kan tarihi sun fara leƙa littattafan Turawan da suka ratsa ƙasar Hausa kafin zuwan mulkin mallaka. Wannan abin yabo ne. Sai dai na lura da yawansu suna ɗaukar duk abin da suka tarar a ciki tamkar yankan wuƙa, alhali kuwa tsakanin idon matafiyi da shafin da ke hannun mai karatu akwai hannaye da dama.

Mu ɗauki Kyaftin Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi. Ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya sake dawowa a 1826 ta hanyar Zariya, ya rasu a ƙasar Sakkwato a 1827. Baransa Richard Lander ne ya koma da takardunsa Ingila, aka buga su a 1829. Wato dai mai littafin bai ga littafinsa ba. Wasu ne a Landan suka zauna suka gyara, suka rage, suka daidaita shi da bukatar masu saye. Sai a 2005 Jamie Bruce Lockhart da Paul Lovejoy suka koma wa ainihin rubutun hannunsa suka fitar da shi. Kundin tafiyarsa ta farko kuwa can ɗakin karatu na Brenthurst a Afirka ta Kudu aka adana shi, an buga shi a shekarar 2000. Don haka kafin marubuci ya ce "Clapperton ya ce", ya kamata ya san wane bugu ne a gabansa.

Haka abin yake ga zane. Heinrich Barth, wato Abdulkarim, ya iso Kano a Fabrairun 1851, ya hau Dala ya zana birni. Amma hoton nan mai launi da ke cikin littafinsa, wanda ya fito a mujalladi biyar tsakanin 1857 da 1858, aikin wani mai zane ne Bajamushe, Martin Bernatz, wanda ya ɗora a kan zanen Barth ba tare da ya taɓa taka Kano ba. Duk wanda ya siffanta birnin Dabo daga wannan hoto, to ya sani ya ari idon mutum biyu ne, ɗaya baƙo, ɗaya kuma ji kawai ya yi.

Ba ina nufin kundayen ba su da amfani ba ne. Amfaninsu babba ne, musamman wajen ƙananan abubuwan da ɗan gari ba ya damuwa ya rubuta, domin kullum yana ganinsu. A tafiyarsa ta biyu Clapperton ya yada zango a Bebeji, ya siffanta ta da garin fatake, har ya ambaci wata jimina da ake kiwo a kasuwa don maganin kambun baka. Wane marubuci ne zai ƙi irin wannan tsaraba? Jimina guda a tsakiyar kasuwa ta fi shafi goma na "gari ya cika ya batse" raya labari.

To amma abin lura shi ne, matafiyi hanya yake bi, abin da ke bakin hanya shi yake gani. Clapperton ya lissafa kuza da kwalli cikin hajar kasuwar Kano, ya ce a ƙasar ake samunsu, daga nan ya wuce. Ƙafarsa ba ta zo Riruwai ba, haka ma ta Barth. Maƙeran da suka wanke kuza a rafi, suka narka ta, suka zuba ta siri-siri kamar tsinke don fatake su ɗauka, babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a kundin. Ya ga kaya, bai ga mai kaya ba. Marubucin da ya tsaya inda baƙo ya tsaya, zai rubuta tarihin da babu mu a ciki.

Akwai kuma abin da nake ganin sakaci ne daga ɓangarenmu. Mun fi sanin baƙin da suka zo da namu da suka je. Dorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa, J. F. Schön ya rubuta, ya fito a cikin Magana Hausa a 1885. Shi ma ta hannun wani ya iso mana, dole a karanta shi da irin wancan taka-tsantsan, amma a nan Bature ne abin kallo. Bayansa ga Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano. Mutum nawa ne cikinmu suka haɗa waɗannan da na Turawan suka auna? Me ya sa wannan reshe na adabinmu ya tsaya cak, alhali Bahaushe bai daina tafiya ba?

Shawarata ga 'yan'uwa, musamman masu tasowa, ita ce a karanta kundayen nan, amma a tambayi kowanne: wa ya gani, wa ya yi tafinta, wa ya gyara, don wa aka buga? Sannan a ɗauki abin da aka samu a kai gaban dattawan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, a ji nasu. A leƙa Gidan Ɗan Hausa a Kano da Gidan Arewa a Kaduna. Wanda kuma Allah ya nufa da tafiya, ko da daga Riruwai zuwa Kano ce ta dajin Falgore, ya riƙe littafi da alƙalami, ya rubuta kwanan wata da sunan gari da farashin kaya. Na baya za su bukace shi kamar yadda muke bukatar na Abdullahi da Abdulkarim a yau. Allah ya sa mu dace.