Ruwan Bagaja da Ruwan Goronyo: Mutumin da Labaranmu Suka Tsallake

Na sake karanta Ruwan Bagaja kwanan baya, sai wani abu da ban kula da shi ba ina yaro ya tsaya mini a rai. Abubakar Imam ya gina littafin nan na 1934 a kan ruwa: ruwa mai warkarwa, can nesa, sai an sha wuya kafin a kai gare shi. Alhaji Imam ya ɗebo, ɗan sarki ya warke, magana ta ƙare. Babu wanda ya tambayi ko na wane ne ruwan. Ban ga laifin Imam ba, don a zamaninsa ba a datse gulbi ba. Da mu nake, marubutan da muka zo bayan an datse.

Ku duba gabashin Sakkwato. Rabah, mahaifar Sardauna, tana bakin Gulbin Sakkwato. Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, tana bakin Rima. Dukansu da ambaliyar damina suka dogara: ruwa ya malala cikin fadama, ya janye, ya bar laka da danshi, a sami shinkafa da kifi, da rani kuma albasa da tafarnuwa. Yau kowannensu yana da ƙofa a samansa. A saman Rabah akwai Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gama a 1978. A saman Wurno akwai Goronyo, da aka gama a 1984. Makullan biyu suna hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima.

Yadda aka kafa ƙofar farko kaɗai ya isa littafi. Manoman da tafkin Bakolori ya cinye wa gonaki, da waɗanda aka baje wa nasu da katafila, sun nemi diyya har suka gaji, suka tare hanyoyi, suka tsayar da aiki. A watan Afrilun 1980 aka tura 'yan kwantar da tarzoma Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya rubuta a kai da Turanci. To, jikan wanda aka harbe, a wane harshe zai karanta?

Kuma ba wai adabinmu na lokacin matsoraci ba ne. A 1982 Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya fito, ya tsiraita Alhaji Gabatari, ɗan fasa-ƙwaurin da ya saye ma'aikata da kuɗi. Littafi ne mai zafi, har yau ina ba matasa shawarar su neme shi. Sai dai ya bar mana gadon da muka kasa wucewa: mugu dole ya zama mutum ɗaya, mai babbar riga da tumbi, wanda za a kama a babin ƙarshe. Kamfani ba shi da tumbi. Kwangila ce da aka sa wa hannu a Legas, da injiniya mai kirki wanda ke bin zane, da akawun da ya rubuta sunan wani a takardar diyyar wani. Ba wanda za ka nuna ka ce ga azzalumin, amma gona ta tafi. Wannan shi ne irin muguntar da alƙalaminmu bai koyi zanawa ba, shi ya sa yanzu ma muka fi sakewa da labarin 'yan bindiga, masu fuska da suna.

Waƙar noma ma haka. Ɗan Anace, ɗan ƙasar Gandi ta Rabah, ya wasa manoma kamar yadda ya wasa 'yan dambe, kuma duk wanda ya ji shi ya san jini na tsumawa. Amma a duniyar waƙar, tsakanin manomi da amfani babu kowa sai Allah da ƙarfin damtse. Rago ne kawai ke kwana da yunwa. Je ka faɗa wa mutumin Wurno haka a Satumbar 2010, lokacin da ruwan Goronyo ya shafe ƙauyuka da shinkafa tana gab da nuna, har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ko a 2018, da tafkin ya ƙafe ya koma kusan kashi 10 cikin 100. Sarkin noma da rago tare suka yi asara.

Labarin kuma bai tsaya ba. A Fabrairun 2017 kamfanin Dangote ya ƙaddamar da shirin noman shinkafa a Goronyo: a ba manomi iri da taki bashi, ya noma, kamfani ya saya. Ba a ƙwace gonar kowa ba, kuma akwai masu murna da samun mai saye tun kafin shuka. Amma marubuci ya kamata ya zauna a wurin awo ranar biya, ya ga wa ke yanke farashi, wa ke ɗaukar asara in ruwa ya ci shuka.

Abin dariya, kalmar da muke yawan faɗa a aji, wato jigo, ita ce sunan sandar da kakanninmu ke ɗebo ruwa da ita a lambu. Jigon ya ba injin ban-ruwa wuri tun shirin Fadama na shekarun 1990, da 'yan rijiyoyin da ake hudawa cikin yini guda, yanzu ga masu aiki da hasken rana sun fara shigowa saboda tsadar fetur. Kada a mai da wannan aljanna: mai kuɗi ke fara sayen inji, kuma in kowa ya zuƙa, ruwan ƙasa ja da baya yake. Duk da haka makullin yana hannun mai gona. Ina so in karanta labarin 'yan'uwa biyu a fadamar Wurno, ɗaya ya sa hannu a takardar kamfani, ɗaya ya sayar da bijiminsa ya sayi inji, uwarsu kuma tana auna hatsin gidajen biyu da mudu ɗaya.