Jinjina Ga Masu Gwajin Jini

Idan jini ya ɓalle wa mai naƙuda daga Burkusuma, aka garzaya da ita babban asibitin Sabon Birni ko na Isa, likita ake yi wa godiya. Ba kasafai ake tuna ma'aikacin ɗakin gwaji ba, alhali sai da amincewarsa ake ɗaura ledar jini.

Ɗigon jini uku yake sawa a kan farin tayil, ya ɗiga ruwan gwaji, shuɗi, rawaya da marar launi, ya juya da tsinke. Inda jinin ya yi gudaji, nan ya gane rukuni. Alamomi yake karantawa a fatar jajayen ƙwayoyin jini. Alamomin A da B na sukari ne, Karl Landsteiner ya gano su a 1901. D kuwa furotin ne kafe cikin fatar. Garkuwar jiki ba ta raga wa baƙuwar alama. Jinin da bai dace ba kan lalata ƙoda, har ya yi kisa. Uwar da ba ta da D, in ta haifi mai shi, akan yi mata allura cikin awa 72 don kare cikin gaba.

Masu juna biyu, ku tambayi rukunin jininku tun awon farko. Ma'aikatan gwaji, sannunku da aiki, Allah ya biya.