Ficewa ko zama? Nazari a kan littafin Jaron Lanier

A shekara ta 2018 ne Jaron Lanier, masanin kwamfuta ɗan Amurka, ya wallafa wani ɗan ƙaramin littafi da Ingilishi, wanda ma'anar sunansa ita ce hujjoji goma na rufe shafukanka na sada zumunta nan take. Marubucin ya daɗe yana aiki cikin wannan sana'a, don haka sukarsa ta ɗan gida ce. Littafin ya cancanci nazarin malamai da ƙungiyoyin al'adu, domin yana taɓa tambayar da duk wanda aka yi wa taron dangi da zagi a intanet yakan yi wa kansa: in fita ne, ko in daure?

Ƙarfin littafin yana ga bayanin asalin cutar. A ganin Lanier, kamfanoni irin su Facebook da Twitter, wanda ya koma X a 2023, hankalin mai amfani da su suke sayarwa ga masu talla. Na'urar tana lura da abin da ya fi riƙe mutum bisa salularsa, sai ta ƙara turo masa irinsa. Tun da fushi da tsoro sun fi natsuwa saurin kama zuciya, su ne ke samun kasuwa. Hujjarsa ta uku ta fi sauran kaifi: ya kwatanta ɗan Adam da kyarkeci, wanda halinsa yakan sauya in ya shiga garke, har ya daina duba gaskiya, ya koma neman matsayi. Wanda ake zagi yau, in ya daɗe a wurin, shi ma zai koyi zagi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Raunin littafin kuwa yana ga maganin da ya bayar. Mu dubi waɗanda suka fice. Marubuci Ta-Nehisi Coates ya rufe shafinsa na Twitter a watan Disamba na 2017, bayan cacar baki da Cornel West, alhali yana da mabiya fiye da miliyan ɗaya. A 2019 ya fitar da littafinsa na ƙagaggen labari, masu karatu kuma ba su guje shi ba. Ƴar wasan fim Kelly Marie Tran ta goge hotunanta na Instagram a 2018 saboda zagin wariyar launin fata, sa'an nan ta mai da martani a jaridar New York Times. Dukansu biyu suna da wani dandalin da za su koma. Lanier ya yarda cewa ficewa gata ce da ba kowa ke da ita ba, amma ya wuce batun da sauri, alhali nan ne maganar take da nauyi.

Marubuciyar Hausa da ke sayar da labarinta babi-babi ta WhatsApp, ko mawaƙin da YouTube ne kaɗai ke kai muryarsa daga Damagaram zuwa Kano da Kumasi, ba su da babbar maɗaba'a ko jaridar da za ta karɓe su. In an kore su da zagi, abincinsu ne aka taɓa, fagen kuma ya zama na masu zagin. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Akwai wani giɓi kuma. Lanier ya lissafa WhatsApp cikin masu laifi, kasancewar Facebook ya saye shi a 2014 kan dala kusan miliyar 19. To amma a zaurukan WhatsApp babu na'urar da ke zaɓen saƙon da za a fara gani. Muryar da ke cin mutuncin mutum a can sau da yawa ta wanda ya sani ce, abokin aiki ko ɗan unguwa. Bayanin na'ura bai isa nan ba. Hausawa sun san zambo da habaici tun kafin salula, sai dai a dandalin gargajiya akwai sarkin samari, akwai manya masu tsawatawa, akwai kunyar ido. Abin da sabon dandali ya rasa ke nan, littafin kuma bai ce komi a kansa ba.

Duk da haka, shawara ɗaya tasa tana da amfani: ya nemi matasa su janye na kimanin wata shida, domin su san kansu kafin su yanke hukunci. Wannan ya fi ficewa cikin fushi, wadda galibi takan ƙare da komowa cikin kunya. Malami zai iya karanta hujja ta uku tare da ƴan lakwal, ƙungiya kuma ta naɗa wa zaurenta mai tsawatawa, da doka a rubuce. Wanda zagi ya hana shi barci yana da haƙƙin fita, ba kuwa tsoro ba ne. Tambayar da ta rage ta masu kallo ce, waɗanda suka ga ana yi suka yi shiru.