A Bar Masu Rubuta Manhaja Su Yi Raha da "Idan"

Wata Asabar ina tsaye gaban allo a ajin da nake koya wa matasa rubuta manhajar kwamfuta, na rubuta kalmar *if* da manyan baƙaƙe. Na ce musu wannan ita ce ƙofar duk wata shawara da kwamfuta ke yankewa: idan abu kaza ya tabbata yi kaza, in ba haka ba yi kaza. Sai wata ɗaliba daga layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan *if* ɗin, 'idan' ce ko 'muddin'?"

Ajin ya fashe da dariya, amma tambayarta ta sauka daidai kan gaɓa. Wanda aka ce wa "idan an kawo wuta ka kunna injin ruwa" sau ɗaya zai duba, ya kunna ko ya bari. Wanda aka ce wa "muddin akwai wuta ka ci gaba da buga ruwa" kuwa, zai yi ta dubawa yana maimaita aikin har sai an ɗauke. Na farkon shi ne *if*, na biyun shi ne *while*. Bambancin da kan ɗauke ni darasi guda kafin ya zauna a kan ɗalibai, yarinyar nan ta fito da shi daga bakin da ta tashi da shi.

Daga nan muka ajiye darasin ranar, muka shiga ƙirƙiro wa kwamfuta kalmomin sharaɗi na Hausa. Wani ya ce a sa "da zarar" ga umarnin da ke zaune yana jiran a danna maɓalli. Wata ta kawo "sai dai idan". Wani ya ce wurin da manhaja ke kama kuskure bayan ya auku a kira shi "da na sani", tunda ƙeya ce, a baya take. Umarnin da dole a zartar da shi ko aiki ya yi kyau ko ya lalace, wanda harsuna irin su Java da Python ke kira *finally*, suka raɗa masa "komai nisan jifa". An sha dariya har da riƙe ciki, kuma da aka tashi babu wanda bai san aikin kowace kalma ba.

Tun daga ranar na ƙara gamsuwa da wani ra'ayi da na daɗe da shi. Wasan da masu rubuta manhaja ke yi da kalmomin sharaɗi, da harsunan barkwanci da suke ƙirƙira, ba shiririta ba ne. Hanya ce ta fahimtar sana'ar, kuma ya kamata malamai su buɗe mata ƙofa maimakon su ɗaure mata fuska.

Wasan ya girmi yawancin masu yin sa a yau. A shekarar 1972 wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Princeton ta Amurka, Don Woods da James Lyon, suka ƙirƙiro harshen INTERCAL da niyyar kada ya yi kama da kowane harshe na zamaninsu. Abin da ya fi shahara a cikinsa ita ce kalmar PLEASE, wato "don Allah" ta mai roƙo. Idan mai rubutu bai sa ta sosai ba, tafintan da ke mayar da rubutun zuwa harshen na'ura sai ya ƙi aiki, ya ce ba a nuna ladabi ba. Idan kuma ya cika ta, sai tafintan ya sake ƙi, ya ce ladabin ya yi yawa. Abin da ake so shi ne ta bayyana tsakanin kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na umarnin. Harshen ba shi da *if* ko kaɗan. Maimakonta akwai ABSTAIN, wadda ke sa wani layi ya ƙaurace wa aiki, da REINSTATE mai dawo da shi bakin aiki. Ana iya rubuta %50 a gaban umarni, sai kwamfuta ta jefa ƙuri'a, ko ta yi ko ta ƙi. Manhaja kuma ba ta ƙarewa sai an rubuta GIVE UP, wato "na haƙura".

Wanda ya zauna ya yi ƙoƙarin rubuta "idan kaza, yi kaza" a harshen da ba shi da "idan", dole ya gano mene ne ainihin sharaɗi a cikin na'ura: ba komai ba ne illa zaɓen layin da za a taka da wanda za a tsallake. Wannan ilimi ne, ko da da dariya aka same shi.

Haka labarin COME FROM yake. A 1968 masanin nan ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya wallafa wasiƙarsa da ta yi suna yana sukar umarnin GOTO, mai cewa "tsallaka zuwa layi kaza", saboda yana mayar da manhaja kamar zaren da ya harɗe. Ana tsakiyar wannan muhawara, a 1973, R. Lawrence Clark ya rubuta a mujallar Datamation cewa to, tunda ba a son "je ka can", a koma "zo daga can". Raha ce, amma da Eric Raymond ya farfaɗo da INTERCAL a 1990 sai aka sa ta a ciki, ta zama umarni mai aiki. Ka yi tunanin kana karanta layi na 10, babu wata alama a kansa, ashe can a layi na 500 wani ya rubuta cewa da an iso nan a fizge aikin a kai masa. Duk wanda ya gane abin da ya sa wannan ke ba da dariya, ya gane abin da Dijkstra ke kuka da shi: mai karatu yana da haƙƙin sanin inda aiki ya fito da inda ya dosa.

A 2007 Adam Lindsay na Jami'ar Lancaster a Ingila ya fito da LOLCODE, wanda aka gina da gurɓataccen Turancin da ake rubutawa a jikin hotunan kyanwoyi a intanet. Manhaja na farawa da HAI, ta ƙare da KTHXBYE. Sharaɗi kuwa tamkar hira ce: O RLY? wato "da gaske?", sai YA RLY, "ƙwarai kuwa", sai MEBBE, "wataƙila", sai NO WAI, "ina, sam!", a rufe da OIC, "au, na gane". Abin da ya burge ni shi ne, wannan wasan ya fito da gaskiyar da kalmar *if* ke ɓoyewa: kowane sharaɗi tambaya ce da amsa. Ɗalibin da ya ga haka sau ɗaya ba ya sake rikicewa da *else*, wato "in ba haka ba".

Kada kuma a ɗauka rahar ta tsaya a harsunan wasa. Ta shiga harsunan da duniya ke cin abinci da su. Masu aiki da Linux kullum suna buɗe sharaɗi da *if* su rufe da *fi*, su buɗe *case* su rufe da *esac*, wato kalmar ce aka juya ta baya. Dabarar ta fito daga harshen ALGOL 68, Stephen Bourne ya shigo da ita Unix a shekarun 1970. Larry Wall, wanda ya karanci kimiyyar harshe kafin ya fito da Perl a 1987, ya sa kalmar *unless* a harshensa, daidai da "sai dai idan" da ɗalibata ta kawo ba tare da ta taɓa jin labarinsa ba. Harshen Ruby ma ya gaji kalmar. Shi kansa Python, Guido van Rossum ya ɗauko sunan ne daga 'yan wasan barkwancin Ingila, Monty Python, ba daga mesa ba.

A ajinmu akwai wanda ya kawo kalmar da har yau nake tunaninta. Ya ce, "Malam, a sa 'wai' ga duk bayanin da ya shigo daga waje." Wato abin da mai amfani da manhaja ya rubuto, ba a gaskata shi sai an bincika, kamar yadda Bahaushe ke cewa "wai an ce" don ya tsame kansa daga labarin da bai tabbatar ba. Na gaya masa Perl na da tsari irin wannan: yana shafa wa duk bayanin waje alamar zargi, ya hana a yi aiki mai haɗari da shi sai an tace shi. Yaron ya isa ga ɗaya daga manyan ƙa'idojin tsaron manhaja ta hanyar kalma mai baƙaƙe uku daga harshen uwarsa.

Na san abin da wasu abokan sana'a ke faɗa. Suna cewa matashin da ke neman aiki ba INTERCAL za a tambaye shi ba, lokacin da ya ɓata a wasa gara ya zuba shi a JavaScript. Gaskiya ne babu mai ɗaukar ma'aikaci don ya iya LOLCODE. Amma mafi yawan ɗalibanmu suna zuwa ne da tsoron kalmomin nan, suna haddace su kamar ba hannun ɗan Adam ne ya zaɓe su ba. Ranar da ɗalibi ya rubuta layi ɗaya a harshen C da ke cewa duk inda aka ga "idan" a karanta *if*, ya ga manhajarsa ta yi aiki, ranar tsoron ke fita. Bourne da kansa haka ya yi, ya sauya wa C kama da irin waɗannan layuka har ta koma kamar ALGOL 68. Tambayar da irin wannan wasa ke tayarwa, ta me ya sa dole sai da Turanci, ita ta kai Ramsey Nasser ga ƙirƙiro harshen Ƙalb da baƙaƙen Larabci zalla a 2012, ita kuma ta haifar da Yorlang mai kalmomin Yarabanci a nan Najeriya. Waɗannan biyun ba don dariya kawai aka yi su ba, amma wanda bai taɓa wasa da kalmomin ba da wuya ya yi ƙarfin halin sauya su.

Sai dai wasa na da muhallinsa. Ko wasan Fulani da Barebari, ko na jika da kaka, kowa ya san inda ake yin sa da inda ake kama baki. Manhajar da wasu za su gada, ko wadda kuɗin mutane da lafiyarsu suka rataya a kanta, ba wurin gwada gwaninta ba ne. Masu Ruby ma suna gargaɗin kada a haɗa *unless* da *else*, domin "sai dai idan ba haka ba" na juya kan mai karatu. A watan Fabrairun 2014 kamfanin Apple ya gyara wani kuskure a wayoyinsa da kwamfutocinsa, inda aka maimaita layin *goto fail* sau biyu a ƙarƙashin *if* guda. A harshen C, in ba a killace umarni da alamomin baka ba, layin farko kaɗai sharaɗin ke riƙewa. Don haka layi na biyu ya riƙa aiki a kowane hali, yana tsallake binciken da ke tabbatar da cewa shafin intanet na gaskiya ne. Layi ɗaya tak ya buɗe ƙofar da maƙetaci zai iya shiga tsakanin mutum da bankinsa. Sharaɗi ba abin rainawa ba ne, kuma shi ya sa nake so ɗalibai su juya shi ta kowace fuska a filin wasa, inda kuskure ba ya cutar da kowa, kafin a damƙa musu amanar jama'a.

Kirana ga malaman kwamfuta shi ne su ware ko da darasi ɗaya a zango don wannan. A tambayi ɗalibai yadda kakarsu ke gindaya sharaɗi in ta aike su kasuwa, a rubuta "idan", "muddin", "da zarar", "ko da" da "sai fa in" a allo, a bar su su nemo wa kowace abokiyarta a harshen kwamfuta. Wadda ba ta da abokiya, su gina mata. Kai kuma matashin da ke koyo da kanka a waya ko a shagon intanet, ka ɗauki yammaci guda ka rubuta ɗan ƙaramin tafinta mai gane "idan" da "in ba haka ba". Za ka yi dariya, kuma washegari za ka karanta *if* da idon wanda ya san yadda aka ƙera ta.