Mitar iska da mai: kafin a yarda da lamba, a binciki mitar

A da, bakanike da kunne yake saita inji. Ya sa sukundireba a kabureta, ya juya kaɗan, ya saurari kukan injin, sannan ya kwance fulogi ya duba bakinsa. In ya yi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, iska ce ta rinjaya. Yanzu matasan makanikai sun fara rataya wata 'yar mita a gaban mota, mai nuna yadda iska ke gaurayuwa da mai. Ina murna da hakan har zuciyata. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar lambar da ta nuna kamar yankan wuƙa.

Fetur yana ƙonewa tas idan kilo 14.7 na iska ya haɗu da kilo 1 na mai. Amma mitar ba ta auna iska ko mai kai tsaye. Hayaƙin salansa take shinshinawa, ta ga oksijin nawa ya rage, ta yi lissafinta daga nan. Duk abin da ya ƙara oksijin a salansa zai sa ta faɗi abin da ba shi ke nan ba.

Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallon wani yaro yana fama da mota. Mita ta tsaya a 16, shi kuwa sai ƙara mai yake yi, har hayaƙi ya fara sa mu hawaye. Ogansa ya tsuguna, ya kai tafin hannu kusa da mahaɗin salansa, ya ji huci na fitowa. Ya ce, "Zo ka taɓa nan." Ɓaraka ce tun kafin a kai ga sensar da mitar ke shinshina hayaƙi da ita, iskar waje na kutsawa ta wurin. Fulogin da ba ya kawo wuta ma haka yake yi: oksijin ya fita bai ƙone ba, mita ta ce mai ya yi kaɗan.

Sai batun mitoci masu arha. Da yawansu jingina suke da tsohuwar sensar motar, irin wadda kamfanin Bosch ya fitar a motocin Volvo tun 1976. Ita tsakanin bolt 0.1 da 0.9 take tsalle, abin da ta sani kawai shi ne an haura 14.7 ko an gaza. Mai neman wajen 12.5 zuwa 13 idan an taka totur har ƙasa, ba za ta taimake shi ba. Sai sensa mai faɗin awo, irin Bosch LSU 4.9.

Ita ma tana da sharuɗɗanta. Mitocin kamfanin Innovate suna so a riƙa zare sensar lokaci-lokaci, a daidaita ta a fili, inda oksijin yake kashi 20.9 cikin ɗari. Wasu na kamfanin AEM kuma daga masana'anta aka daidaita su, ta wani ɗan rizisto da ke cikin soket ɗin sensar. Nan ne al'adarmu ta yanke soket a murɗa waya da salatif take yin ɓarna, domin daidaiton ya tafi tare da soket ɗin da aka jefar.

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, motoci ke komawa gas na CNG, kuma a nan ma ana kuskuren karanta mitar. Gas yana son iska wajen kashi 17 ga kashi 1. Mitar da aka saita a ma'aunin fetur kuwa 14.7 za ta nuna idan haɗin gas ɗin ya yi daidai. Wanda ya dage sai ya ga 17 a fuskarta, ya sa iska ta rinjayi gas ɗin ke nan: mota ta rasa ƙarfi, ta yi ta tari. Mafita ita ce a mayar da mitar ma'aunin lamda, inda 1.00 ke nufin daidai ga kowane irin mai.

Don Allah, makanikanmu, ku sayi mitar, ku koyi aiki da ita. Amma kafin ku juya komai a inji, ku duba salansa, ku duba fulogi, ku tabbatar sensar tana da lafiya.