Ruwa A Waje, Gumi A Ciki: Gwanintar Zaɓen Rigar Ruwa Wurin Mahayan Keken Dutse

Garin Fort William yana yammacin ƙasar Sikotlan, a gindin Ben Nevis, dutsen da ya fi kowane tsawo a Birtaniya, mai mita 1,345. Ruwan da ke sauka a garin cikin shekara guda yakan kai wajen milimita 1,900, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu. Can babu ruwansu da rabon damina da rani, yadda ake marka a Janairu haka ake iya yin ta a Yuli. Duk da haka garin ya zama matattarar masu hawan duwatsu da keke. A 2002 aka fara kai gasar kofin duniya ta gangarowa daga dutse tsaunin Aonach Mòr da ke kusa da garin, a can kuma aka fitar da zakarun duniya na wannan fanni a 2007 da 2023.

Mazaunin irin wannan wuri, in ya ce sai gari ya washe zai fito da kekensa, to keken zai yi tsatsa a jingine. Wannan ne ya sa mahayan yankin suka naƙalci wata gwaninta da ba a ba da kofi a kanta, wato sanin rigar ruwan da za ta kai mutum kan dutse ta dawo da shi gida lafiya.

Ka lura da tsohon mahayi in ya shiga kanti. Launi ba ya gabansa, sunan kamfani ma sai daga baya. Da ya sauko da riga daga rataye sai ya juya cikinta waje, kamar mahaucin da ke duba hanji. Ya bi kowane ɗinki da babban yatsa, daga kafaɗa zuwa hammata, daga wuya zuwa hula. Sannan ya sa ta, ya ɗora hular kwano, ya duƙa ya miƙa hannaye gaba kamar yana riƙe da kan keke, ya waiga dama ya waiga hagu. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka wasa yake. Alhali cikin minti biyun nan ya yi wa rigar tambayoyi fiye da goma, ta kuma ba shi amsa.

Tushen iliminsa abu ne da duk ɗan acaɓar da ya taɓa sa rigar leda a watan Agusta ya sani. Leda tana tare ruwan sama tsaf, amma in ka cire ta sai ka tarar da taguwarka sharkaf, kamar an tsamo ka daga rijiya. Gumin jikinka ne ya rasa hanyar fita. Makiyayin da ke yafa kabido bai san wannan damuwa ba, domin iska na shiga masa ta ko'ina, kuma tafiyarsa a hankali take, bayan shanu. Mahayin keken dutse kuwa, in yana taka feda a kan hawa mai tsayi, yana iya zubar da gumi lita 1 cikin awa guda. Gaba kura, baya sayaki: in ya toshe ruwan sama gumi ya jiƙa shi, in ya buɗe wa gumi ruwan sama ya shigo.

Jiƙewar kanta da sauƙi, abin tsoro shi ne sanyin da ke biyo bayanta. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6.5. Ga shi ya isa ƙololuwa a jiƙe, ya daina taka feda, jiki ya daina ba da ɗumi, sai kuma gangara da gudu cikin iska mai kaɗawa. Ruwa ya fi iska saurin janye zafin jiki da wajen ninki 25. In zafin cikin jiki ya faɗi ƙasa da digiri 35, makyarkyata ta kama mutum, yatsu su ƙi matsa birki, tunani ya fara rikicewa. Tayar da ta yi faci a bakin titi ƙaramar matsala ce, amma a kan tsauni, da jiƙaƙƙen jiki, tana iya zama sanadin ajali. Saboda haka gwani ba ya yaudarar kansa da neman rigar da zai dawo a bushe ƙayau. Wadda za ta riƙe masa ɗumi ko da ya ɗan jiƙe yake nema.

An daɗe ana wannan fama, har a Sikotlan ɗin ma. A 1823 wani masanin haɗa sinadarai na birnin Gilasgo, Charles Macintosh, ya yi rajistar dabarar narkar da roba a shafa ta tsakanin yadi biyu. Ruwa ya daina ratsa yadin, har yau ma Turawan Ingila da sunansa suke kiran rigar ruwa. Sai dai rigunan farko wari gare su, su sandare in an yi sanyi, su yi danƙo in an yi zafi, gumi kuma ba shi da mafita.

Sai a 1969 aka sami babban sauyi. A jihar Delaware ta Amurka, Bob Gore yana ta ƙoƙarin miƙar da sandar PTFE mai zafi, wato irin robar da ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama. Duk lokacin da ya ja a hankali sai ta tsinke. Da ya fizge ta da ƙarfi gaba ɗaya, sai ta miƙe ninki-ba-ninki, ta zama tantani mai cike da ƙofofin da ido ba ya gani. A lissafin kamfanin, kowane inci guda murabba'i yana da ƙofofi wajen biliyan 9, kowace ƙofa ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, ta kuma fi ƙwayar tururi girma sau 700. Ɗigo ba ya shiga, tururi yana fita. A 1976 aka fara sayar da yadin da sunan Gore-Tex, daidai shekarar da samarin gundumar Marin ta Kalifoniya suka fara tseren gangara da tsofaffin kekuna, tseren da ya haifi wasan keken dutse.

Yau kamfanoni da dama suna da nasu tantanin, kowa kuma yana buga lambobi a jikin takardar riga. Lamba ta farko ta tare ruwa ce. Ana kafa bututu a kan yadin, a yi ta ƙara ruwa har ya fara tsattsafowa ta ƙasa. In ka ga milimita 10,000, ma'ana yadin ya jure nauyin ruwa mai tsawon mita 10. Sabon shiga zai ce ai babu ruwan saman da ya kai haka. Gwani ya san igiyar jakar goyo tana danna jiƙaƙƙen yadi a kafaɗa na tsawon awanni, sirdi ma haka yake yi wa ƙasan riga, don haka mai wuni a kan dutse yakan nemi 20,000. Lamba ta biyu ta numfashin yadi ce, wato giram nawa na tururi ke ratsa mita guda murabba'i cikin awa 24. Akwai kuma wani ma'aunin da ake kira RET, wanda cibiyar Hohenstein ta Jamus ta yi suna a kansa. Shi a juye ake karanta shi, ƙaramar lamba ita ce mai kyau, abin da ya gaza 6 shi ne na gaba-gaba. Tun da ba hanyar gwaji ɗaya kamfanoni ke bi ba, gwani ba ya rantsuwa da lambar numfashi.

Yana da wani dalilin ma. Duk matar da ta yi shanya ta san kayan da ke bushewa kafin azahar da hunturu sukan kwana a igiya lokacin marka. Tururi daga wuri mai laima yake tafiya zuwa busasshen wuri. In iskar waje ita ma ta cika da laima, fitarsa sai ta yi nauyi, komai tsadar tantanin. Shi ya sa za ka ga mahayi ya ɗaga hannu yana lalube a hammatar riga. Zif yake nema. Doguwar ƙofa a ƙarƙashin hammata, wadda zai iya zugewa da hannu ɗaya yana tafe, ta fi kowace lamba saurin fitar da zafi. Yana son zif ɗin gaba mai buɗewa ta ƙasa da ta sama, da maɗaurin da zai kama da safar hannu mai taɓo ba sai ya cire ta ba.

Juya rigar da ya yi tun farko kuwa, abu biyu yake dubawa. Na ɗaya shi ne hawa nawa aka yi yadin. Akwai mai hawa 2, yadin waje da tantani a manne, da shafin raga yana reto a ciki, wannan ta yawon gari ce. Akwai mai hawa 2.5, wadda aka yi wa tantaninta ɗan fenti kawai a ciki, ba nauyi, tana naɗuwa kamar dunƙulen hannu, amma takan manne wa jiƙaƙƙiyar fata, ba ta kuma daɗewa. Sai mai hawa 3, inda aka rufe tantanin ciki da waje, ta fi tsada, ta fi jure gogar jaka da ƙaya. Na biyu shi ne ɗinki. Duk inda allura ta bi ta bar rami, abin da ya kunyata rigunan Macintosh ke nan da teloli suka fara ɗinka su. Maganinsa siririn tef ne da ake mannawa da zafi a bayan kowane ɗinki. Wasu rigunan a kafaɗa da hula kawai ake sa musu, a bar sauran. Babban yatsan gwani irin waɗannan wurare yake farauta.

Duƙawar da ya yi tana gaya masa ko don mahayi aka yanka rigar ko don mai tafiya a ƙasa. Tayar baya tana watso taɓo a gadon baya, saboda haka bayan riga ya sauko ya rufe mazaunai, gabanta ya ɗage don kada ya tattare a cinya. Hannun riga ya kai wuyan hannu bayan an miƙe shi, ya kuma bar wa makarin gwiwar hannu wuri. Hula ta hau kan hular kwano, ta juya tare da kai. Wadda ke tsayawa cak in an waiga makanta ce, a hanyar da bishiya ke jira a kowace kwana.

A nan ne gwaninta ke kaiwa maƙura, domin babu riga ɗaya da ta dace da kowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda akwatin da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe ke kai shi saman Aonach Mòr ba ya gumin hawa, sanyin jira da faɗuwa a kan duwatsu ne matsalarsa, sai ya ɗauki mai kauri. Haka ma mai keken lantarki. Mai tseren ƙetare daji, wanda zuciyarsa ke dukan uku-uku daga farko har ƙarshe, 'yar shara-shara yake so a aljihu, sai ruwa ya tsuge ya zaro ta. Wasu mahayan Birtaniya ma sun bar tantani gaba ɗaya, sun koma ga rigunan Páramo, masu shafin da ke tura ruwa waje yadda gashin dabba ke yi. Suna da nauyi da zafi, amma ƙaya ba ta kashe su. Kafin gwani ya zaro kuɗi sai ya tambayi kansa: awa nawa nake yi a waje, a wane wata, ni mai yawan gumi ne ko mai jin sanyi?

Sayen riga rabin aiki ne. A fuskar yadin waje akwai wani sinadari da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare, kamar raɓa a kan ganyen gwaza. In taɓo da maiƙon jiki suka cinye shi, yadin ya sha ruwa ya yi duhu, numfashi ya tsaya, mai riga ya jiƙe da guminsa ya ce riga ta fara yoyo. Da yawa a nan suke jefar da riga mai sauran rai. Gwani wanke ta yake yi da sabulunta na musamman, ba ya kusantar da ita ga garin sabulun wanki ko ruwan tausasa tufafi, sannan ya ba ta ɗan ɗumi a injin busar da kaya don sinadarin ya farfaɗo. Wannan kulawa ta ƙara zama dole yanzu da ake barin sinadaran PFAS wajen haɗa wannan sinadari, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. Dokokin taƙaita su a tufafi sun fara aiki a jihohin Kalifoniya da New York a 2025, kuma abin da ya maye gurbinsu ya fi son wanki akai-akai. A ƙarƙashin rigar kuma ba ya sa auduga, domin in ta sha gumi ba ta saki. Ulu ko zaren roba yake sawa.

Irin waɗannan riguna suna iso mana cikin dilolin gwanjo, a jibge tare da tarkacen leda, wani lokaci mai sayarwa ma bai san bambancinsu ba. Ko kai mai keke ne a tsaunukan Jos, ko mai babur da damina ke riska a hanya, ilimin mahayan Fort William zai yi maka rana. In ka ɗauko ɗaya, juya cikinta ka duba. In tef ɗin ɗinki ya ɗaɗɗago, ko cikin wuyan yana zubar da fari-fari kamar dusa, ajiye ta ko da kyauta aka ba ka, ta gama yayinta. In tef ɗin na nan daram, yayyafa mata ruwa a kafaɗa, sa ta ka duƙa ka miƙa hannu, ka laluba hammata. Wadda ta ci wannan jarrabawa, kada ka tsaya dogon ciniki a kanta.